Yawan Jama'a da Jin Daɗin Rayuwa: Wanne Ya Kamata a Fifita?



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau wata tambaya ce wadda ta daɗe tana damun masana da masu mulki a ƙasashe da yawa. Tambayar kuwa ita ce, wanne ya fi alheri ga ƙasa, ta kasance da ɗimbin jama'a ko da abin da kowa zai samu kaɗan ne, ko kuwa ta kasance da mutane ƙalilan waɗanda kowannensu yake cikin wadata? Sa'an nan in an ce ga wanda ya fi, wa yake da ikon tilasta wa mutane su bi? Kakanninmu ba su jahilci wannan magana ba, gama sun bar mana karin magana guda biyu waɗanda suke fuskantar juna. Su ne suka ce yawa shi kan sa zare ya ja dutse, su ne kuma dai suka ce da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara. Kowanne daga cikin biyun akwai gaskiya a cikinsa, shi ya sa tambayar take da wuya. Zan fara bayyana muku yadda masana suka yi ƙoƙarin warware ta da lissafi, sa'an nan in kawo labarin waɗansu ƙasashe da suka gwada lissafin a kan mutanensu, daga ƙarshe mu duba abin da ya shafe mu a nan Nijeriya.

YADDA MAGANAR TA TASO

A cikin shekarar 1798 wani malamin coci a Ingila mai suna Thomas Malthus ya buga littafi inda ya ce mutane suna ƙaruwa ne ta hanyar ninkawa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, alhali kuwa abinci yana ƙaruwa sannu a hankali. Saboda haka, a ganinsa, duk ran da bakuna suka fi ƙarfin rumbu, yunwa da annoba da yaƙi ne za su rage su. A zamaninsa mutanen duniya duka sun kusa miliyan dubu ɗaya, watau biliyan 1. Sun kai biliyan 4 wajen shekarar 1974, kuma a watan Nuwamba na 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwa cewa sun cika biliyan 8.

Duk da wannan ƙaruwa, abin da Malthus ya ji tsoro bai auku yadda ya zata ba. Dalili kuwa, bai san za a gano hanyar yin takin zamani daga iska ba, wadda masana a Jamus suka gano a farkon ƙarni na 20, bai kuma san za a samo irin alkama da na shinkafa masu ba da amfani ninkin na da ba. Wani masanin aikin gona mutumin Amurka, Norman Borlaug, ya yi aikin inganta irin alkama a Meziko, aka kai irin Indiya da Pakistan a tsakiyar shekarun 1960, girbi ya ƙaru ƙwarai, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1970. Wannan ya nuna cewa duk wanda aka haifa, in ya zo da baki, ya zo kuma da hannaye biyu da ƙwaƙwalwa. To, amma fa hannayen nan ba za su yi amfani ba sai an ciyar da mai su tun yana yaro, an yi masa magani, an koya masa karatu ko sana'a. Daɗin daɗawa, ƙasar noma da ruwan sha da dazuzzuka suna da iyaka. Don haka tambayar tana nan, ba ta mutu ba.

LISSAFI IRI BIYU

Masana falsafa, watau masu binciken asalin abin da ake kira daidai da abin da ake kira kuskure, sun ɗauki tambayar ta wata fuska. A cikin 1874 wani shaihun malami na Jami'ar Kambirij, Henry Sidgwick, ya nuna cewa in aka ce burin mulki shi ne ƙara jin daɗin mutane, to, akwai hanya biyu ta auna shi. Ko dai a tara jin daɗin kowa da kowa a dubi jimlarsa, ko kuwa a raba jimlar da yawan mutane a dubi rabon kowa. Bari mu kira na fari lissafin jimla, na biyu lissafin rabo. Shi Sidgwick ya karkata ne ga lissafin jimla.

Don maganar ta fito fili, mu ɗauka jin daɗin rayuwa abu ne da ake aunawa da mudu kamar gero. Ga gari mai mutum 1,000, kowa yana da mudu 10, watau yana da lafiya da abinci da ilmi da kwanciyar rai. Jimlarsu mudu 10,000 ke nan. Ga wani gari kuma mai mutum 20,000, kowa yana da mudu 1 tak, watau rayuwarsa ba ta kai ga ya gwammace mutuwa ba, amma daɗin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba. Jimlarsu mudu 20,000. Bisa lissafin jimla, gari na biyu ya fi na fari alheri har ninki biyu. Haka kuma in aka sami gari na uku mai mutum miliyan 1, kowa rabonsa bai wuce cikin tafin hannu ba, shi ma ya fi su duka, muddin jimlarsa ta fi tasu. Wani masani na Jami'ar Oksfod, Derek Parfit, shi ya bi wannan lissafi har ƙarshensa a littafin da ya buga a 1984, ya kuma raɗa wa inda aka isa suna mai nufin sakamako abin ƙyama, domin zuciyar mai hankali ba ta yarda cewa taron da ke raye da ƙyar ya fi garin da kowa ke cikin wadata ba.

Wani zai ce, to, ai sai a koma ga lissafin rabo. Shi ma fa yana da nasa ramin. Mu koma garin nan mai mutum 1,000, kowa da mudu 10. A ce an haifi yaro wanda zai rayu da mudu 8, rayuwa mai kyau ƙwarai, kuma bai rage wa kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Da zuwansa, in aka sake rabawa, rabon kowa a takarda ya ɗan sauka, saboda haka lissafin rabo zai ce haihuwarsa ta ɓata garin. Wane ne a cikinmu zai yarda da haka? Abin da ya fi wannan muni, hanya mafi sauri ta ɗaga rabon kowa a takarda ita ce a kawar da matalauta da marasa lafiya da tsofaffi daga cikin lissafin. Babu wanda rayuwarsa ta gyaru, amma alƙalami zai nuna an sami ci gaba.

Parfit da kansa ya ce ya nemi wata ƙa'ida da za ta kuɓuta daga ramukan nan biyu, bai same ta ba, kuma har ya rasu a 2017 masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Wannan abin lura ne ƙwarai. In manyan masana, a zaune cikin natsuwa, sun kasa samun lissafin da ba ya kai su ga ɓarna, to, ya kamata mai mulki ya ji tsoron ɗaukar ɗaya daga cikin lissafin nan ya ɗora a kan mutane da ƙarfin hukuma. Akwai waɗanda ba su ji wannan tsoro ba, ga kuwa abin da ya biyo baya.

RUMANIYA: INDA AKA TILASTA YAWA

Rumaniya ƙasa ce a gabashin Turai. A 1965 Nicolae Ceausescu ya karɓi ragamar jam'iyyar gurguzu mai mulkinta, ya tarar haihuwa ta yi ƙasa, shi kuwa yana son ma'aikata masu yawa don masana'antu. Ƙidayar 1966 ta nuna mutanen ƙasar sun ɗan haura miliyan 19. A watan Oktoba na shekarar aka kafa doka mai lamba 770 wadda ta hana zubar da ciki sai ga mata ƙalilan, aka toshe hanyar samun magungunan ba da tazarar haihuwa, aka kuma sa haraji a kan waɗanda suka wuce shekara 25 ba su da ɗa. A shekarun 1980 har a wuraren aiki akan bi mata ana duba su, don a gane mai ciki a rubuta sunanta. Kada a ɗauka tsoron Allah ne ko tausayin jariri ya jawo wannan doka, gama gwamnatin ba ruwanta da addini. Yawan kawuna take nema.

A 1967 haihuwa ta kusa ninka ta shekarar da ta gabata, masu mulki suka yi murna. Amma ba a tanadi isassun gidaje da abinci da asibitoci don yaran ba. Da aka shiga shekarun 1980, gwamnati ta ƙudura biyan bashin da ake bin ta a waje cikin gaggawa, ta riƙa fitar da abinci tana sayarwa, aka koma raba wa mutane burodi da mai da sukari da awo, aka rage wuta da ɗumama gidaje a ƙasar da ake tsananin sanyi. Mata dubbai suka mutu a hannun waɗanda ba likitoci ba, har mutuwar mata saboda ciki a Rumaniya ta fi ta kowace ƙasa a Turai. Iyayen da suka kasa ciyar da 'ya'yansu suka riƙa miƙa su ga gidajen renon gwamnati. Da mulkin Ceausescu ya faɗi a watan Disamba na 1989, aka soke dokar nan take, aka buɗe gidajen, aka tarar da yara fiye da 100,000 a ciki, da yawansu iyayensu na raye, suna cikin ƙazanta da yunwa da rashin mai ɗaukarsu ya rarrashe su. Bayan duk wannan wahala, ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Rumaniya wajen miliyan 19 ne, kusan daidai da na 1966, domin da aka buɗe iyaka matasa sun yi ta ƙaura zuwa waɗansu ƙasashe, haihuwa kuma ta sake faɗuwa.

INDIYA DA SIN: INDA AKA TILASTA RAGI

Yanzu mu juya ga waɗanda suka bi ɗaya lissafin. A Indiya, Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci daga watan Yuni na 1975 zuwa watan Maris na 1977. A wannan tsakani, bisa ingizawar ɗanta Sanjay, aka tashi haiƙan yi wa mutane aikin tiyata na tsayar da haihuwa, yawanci maza matalauta. Aka yanka wa ma'aikatan gwamnati, har da malaman makaranta, yawan mutanen da kowa zai kawo, wanda ya kasa a riƙe masa albashi ko a hana shi ƙarin girma. A cikin shekara ɗaya, daga 1976 zuwa 1977, an yi wa mutum wajen miliyan 8 wannan aiki. Da aka yi zaɓe a 1977 jama'a suka kayar da gwamnatin, kuma an daɗe mutanen karkara suna gudun ma'aikatan lafiya, har sai da aka sake wa ma'aikatar suna, aka cire maganar tsarin iyali aka sa jin daɗin iyali.

A ƙasar Sin kuwa abin ya fi daɗewa. Daga 1979 aka fara tsarin ɗa ɗaya, kuma a watan Satumba na 1980 shugabannin jam'iyya suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kira a bi shi. Cikin waɗanda lissafinsu ya rinjayi shugabanni har da Song Jian, wanda ainihin aikinsa kimiyyar makamai masu linzami ce. An sassauta wa ƙananan ƙabilu, daga baya kuma aka yarda wa mutanen karkara da yawa su yi na biyu in na fari mace ce. Wanda ya ƙetare iyaka akan ci shi tara mai nauyi, ko a kore shi daga aiki, kuma a wurare da dama an tilasta wa mata zubar da ciki ko tiyata. Yaran da aka haifa ba da izni ba sau da yawa ba a yi musu rajista, saboda haka makaranta da asibiti sukan yi musu wuya.

Gaskiya ne arzikin Sin ya bunƙasa ƙwarai a waɗannan shekaru, hukuma kuma ta ce tsarin ya hana haihuwar mutum miliyan 400. Amma masana da yawa sun musa wannan adadi, domin tun kafin a kafa tsarin haihuwa ta riga ta ragu da fiye da rabi: a 1970 mace takan haifi 'ya'ya kusan 6, zuwa 1978 kuwa ƙasa da 3. Ƙasar Tailan ma ta sami irin wannan ragi ba tare da dokar ɗa ɗaya ba. Abin da tilas ta ƙara shi ne ɓarna. Da yake iyalai da yawa sun fi son ɗa namiji, sai aka riƙa zubar da cikin 'ya'ya mata, har ƙidayar 2010 ta nuna ana haihuwar maza wajen 118 a kan kowane mata 100, ta 2020 kuma ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35. Ga kuma tsofaffi suna ƙaruwa, masu ɗaukar nauyinsu suna raguwa. A 2016 aka yarda da 'ya'ya biyu, a 2021 aka yarda da uku, amma matasa ba su amsa kiran ba, kuma a 2022 yawan mutanen Sin ya ragu, karo na farko tun 1961.

In an lura, Rumaniya ta ja gabas, Indiya da Sin sun ja yamma, amma laifinsu ɗaya ne. Kowace ta zauna ta yanke adadin da take so, sa'an nan ta mai da jikin mace da gidan talaka kayan aikin cika adadin. Wahalar kuwa ta fi faɗawa kan marasa ƙarfi, watau mata da yara da matalauta.

WATA HANYA DABAM

Akwai hanyar da ba ta bi ta kan tilas ba, an kuma yi ittifaƙi a kanta tsakanin ƙasashe. A taron haƙƙin ɗan Adam da aka yi a Tehran a 1968 an amince cewa iyaye ne suke da haƙƙin yanke shawarar yawan 'ya'yansu da tazarar da ke tsakaninsu, bisa son ransu da kuma sanin nauyin da ke kansu. A taron Alƙahira na 1994 ƙasashe 179 suka ƙarfafa wannan, suka kuma yarda a mai da hankali ga lafiyar mata da ilminsu maimakon farautar adadi.

Bangaladash misali ce mai kyau. Ƙasa ce wadda yawancin mutanenta Musulmi ne, faɗinta bai wuce wajen kashi ɗaya cikin shida na Nijeriya ba, amma ƙidayar 2022 ta sami mutum fiye da miliyan 165 a cikinta. Lokacin da ta sami 'yancin kai a 1971, fiye da yaro 1 cikin 5 ba ya kai shekara biyar, mace kuma takan haifi 'ya'ya 6 ko fiye. Ba a kafa dokar iyakance 'ya'ya ba. Daga 1977, a wani yanki da ake kira Matlab, aka fara horar da matan ƙauye su riƙa shiga gida gida suna tattaunawa da 'yan'uwansu mata a kan lafiya da tazarar haihuwa, aka kuma baza irin wannan aiki a ƙasar. A shekarun 1980 ƙungiyar BRAC ta koya wa miliyoyin iyaye mata haɗa ruwan gishiri da mazarƙwaila don ceton yaro mai gudawa. Aka yawaita allurar riga-kafi, a 1994 kuma aka fara ba 'yan mata na karkara tallafin kuɗi don su ci gaba da karatun sakandare. Zuwa wajen 2020 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta koma wajen 3 cikin 100, tun 2011 kuwa bincike ya nuna mace takan haifi 'ya'ya tsakanin 2 da 3.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Uwar da ta binne 'ya'ya uku ba ta jin kiran kowa na ta ba da tazara, domin ba ta san wanda zai rayu ba. Amma in iyaye suka tabbata yaransu za su girma, suka kuma ga cewa karatu yana da amfani kuma yana da tsada, su da kansu sukan auna ƙarfinsu.

MU A NIJERIYA

Mu ma muna da namu tarihi da adadi. An yi ƙidaya a 1962, aka yi ta gardama, aka sake a 1963 aka sami mutum wajen miliyan 55 da rabi. Ta 1973 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140, kuma a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya mun haura miliyan 220 tun 2023. Kowa ya san abin da ke jawo gardama a kan ƙidaya: da yawan jama'a ake raba kujerun majalisa da wani kaso na kuɗin Tarayya. To, a nan akwai tambayar da ya kamata kowane shugaba ya yi wa kansa. In an ƙirga yaro an karɓi rabo da sunansa, shin rabon ya kai gare shi? Wanda ya yi alfahari da yawan mutanensa ran ƙidaya, ya manta da su ran gina aji da ɗakin shan magani, ya ci amanar da ya karɓa.

A 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufarta ta farko a kan yawan jama'a, inda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Shawara ce kawai, ba a hukunta kowa saboda ita ba, an kuma sake duba manufar a 2004 da 2022. Adadin da ya fi cancanta ya dame mu wani ne dabam. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 sukan rasa ransu. Waɗannan ba sa bukatar gardamar falsafa. Mai lissafin jimla da mai lissafin rabo duk sun yarda asara ce.

Wani zai ce, ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Haka ne, rai da arziki na Allah ne. Amma mu ne dai muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma babu manomin da yakan ƙi ba da tazara tsakanin shuka don ya dogara ga Allah. Iyayenmu mata sun san haka tun da. Sukan shayar da yaro har wajen shekara biyu kafin yaye, kuma wadda ta yi kwanika akan ji tausayinta da na ɗan da take goyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawarar da ta bayar ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, domin jinin uwa ya dawo, na goye kuma ya yi ƙwari. Ashe ke nan likitoci sun tabbatar da abin da kakanninmu suka riga suka sani.

ABIN DA YA KAMATA MU RIƘE

Jama'a, daga duk abin da na faɗa, ga abubuwa huɗu da nake roƙo mu tafi da su gida.

Na ɗaya, babu adadin da ya isa a zalunci mai rai dominsa, ko adadin ƙari ne ko na ragi. Duk tsarin da sai an tsoratar da mace, ko an yaudari talaka, ko an hana yaro makaranta kafin ya yi aiki, to, tsarin ɓatacce ne ko da lissafinsa ya yi kyau a takarda.

Na biyu, wanda aka riga aka haifa ba rara ba ne. Kada wani mai hali ya dubi ɗan talaka na takwas ya ce da ba a haife shi ba da ƙasa ta fi sauƙi. Haƙƙinsa na abinci da magani da ilmi daidai yake da na ɗan fari a gidan attajiri.

Na uku, shawarar haihuwa ta miji da mata ce, su biyu, amma 'yanci yana tafe da nauyi. Maigida ya ƙirga haƙƙoƙin da ke wuyansa kafin ya yi alfahari da yawan kawunan da ke gidansa, ya kuma saurari matarsa, gama ita ke ɗaukar ciki, ita ke shiga haɗarin naƙuda. In suna da tambaya su je asibiti tare su ji bayani daga bakin ma'aikacin lafiya, su kuma nemi fatawa wurin malaman da suka amince da ilminsu.

Na huɗu, waɗanda za su zo bayanmu suna da haƙƙi a kanmu. Ba mu san yawansu ba, amma mun san za su bukaci gona mai albarka da ruwa mai tsabta da itatuwa. In muka sare daji, muka bar zaizaya ta cinye gonaki, muka tara musu bashi, mun rage musu mudu tun ba su zo ba.

Aikin hukuma a cikin wannan a bayyane yake: ta ƙirga mutane bisa gaskiya, ta kai makaranta da asibiti da riga-kafi inda mutanen suke, ta buɗe hanyoyin noma da sana'a ga matasa, ta faɗa wa iyaye gaskiya, sa'an nan ta bar musu zaɓi. Aikinku kuma shi ne ku sa 'ya'yanku maza da mata a makaranta, ku kai mai ciki awo, ku kai jariri allura, ku kuma tambayi wakilanku ina rabon da aka karɓa da sunanku ya shiga. Zaren da aka ce yawansa kan ja dutse, ai sai kowane sili yana da ƙwari, kuma ƙwarin nan tun daga goyo ake samunsa.

 Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.